Yadda ake shafa fentin kariya a ƙarƙashin tsohuwar mota a wuri mai laima

Wasu nau'o'in fentin da ake kare ƙasan tsofaffin motoci da su daga tsatsa, irin su POR-15 da Rust Bullet, danshin iska ne ke sa su daskare. A yankin da laima ta yi yawa, wannan danshin kan wuce kima, saman fentin ya yi ɓawo tun kafin iskar da ke fitowa daga cikinsa ta kuɓuta, sai ƙananan kumfa su cika ƙarfen, ruwa kuma ya samu ƙofar shiga.

Da farko a ɗaga motar a kafa ta a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, domin jak kaɗai ba abin amincewa ba ne ga wanda zai kwanta ƙarƙashin mota. A kankare tsohon kwalta da tsatsar da ke ɓarewa da buroshin waya, a wanke maiko da gires, sannan a shafa ruwan fosfet mai gyara ƙarfe, a ɗauraye shi.

Busarwa ita ce matakin da ya fi cin lokaci, kuma ita aka fi yi wa gaggawa. Ƙarfe yana iya bushewa a ido alhali ruwa na maƙale a layin walda da tsakanin faranti biyu da aka haɗa. A bi waɗannan wurare da iskar kwamfureso ko na'urar hura iska mai zafi har ruwa ya daina tsattsafowa, amma kada a bar ƙarfen ya kwana tsirara, domin a irin wannan yanayi jan tsatsa na iya bayyana cikin 'yan sa'o'i. Ƙa'idar da masu fentin ƙarfe ke bi ita ce zafin ƙarfen ya ɗara matakin zafin da raɓa ke fara sauka da aƙalla digiri 3 na Salshiyas, danshin iska kuma kada ya haura kashi 85 cikin 100. Ƙaramin ma'aunin danshi ya fi hasashe amfani nesa ba kusa ba. Saboda haka sassafe da bayan faɗuwar rana ba lokacin aiki ba ne, an fi dacewa da hantsi zuwa azahar, lokacin da ƙarfe ya ɗumama.

Kada a girgiza gwangwanin fentin, a motsa shi a hankali da sanda, a zuba kaɗan a wani kofi, a shimfiɗa leda a bakinsa kafin a mayar da murfi, in ba haka ba murfin zai manne har abada. Abin da ya rage a kofi ba ya komawa gwangwani. A shafa da siriri sosai, ko da ana hango ƙarfe ta ciki, sannan a ƙara shafi na biyu idan na farko ya kai yadda yatsa zai ɗan ja a kansa ba tare da ya ɗauko fenti ba. Ɗigon gumi guda ya isa ya tayar da kumfa, don haka a ɗaura ƙyalle a goshi.

Fentin na ɗauke da sinadarin aisosiyanet mai cutar da huhu, dole ne a sa takunkumi mai tace tururi da safar hannu, a kuma buɗe gareji iska ta ratsa. A kauce wa salansa da sassan birki, a bar ramukan da ruwa ke zurarewa a buɗe, cikin kogon shasi kuwa, inda buroshi ba ya kaiwa, a fesa kakin hana tsatsa bayan fentin ya gama daskarewa.