Kurakuran da aka fi yi wajen bayanin garken zakuna

Kusan duk wanda ya fara rubutu a kan zakuna, ɗalibi ne ko mai haɗa bidiyo, wuri ɗaya yake tuntuɓe. Na gaji da gyara wa mutane ɗaya bayan ɗaya.

Babban kuskuren shi ne mai da zakin Serengeti ta Tanzaniya ma'aunin kowane zaki. Wannan ni ma ya taɓa cina. Ina aikin kammala karatu, na kwaso bayanin garken can, mai zakanya biyar ko shida da tarin 'ya'ya, na ɗora wa zakunan Yammacin Afirka. Malamina ya dawo mini da aikin da tambaya ɗaya: me za su ci? Wahalar wata huɗu ta tafi a banza, kuma gaskiyarsa. Girman garke abinci yake bi. A hamadar Kalahari garken ƙarami ne, yawonsa mai nisa. A Waza ta Kamaru sau da yawa biyu ko uku za ka gani. A dajin Gir na Indiya maza da mata zaman kowa daban, sai barbara ko babban nama ke haɗa su. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna zakuna kusan 400 suka rage a Yammacin Afirka, yawancinsu a dazukan W, Arly da Pendjari, inda Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗu, sai 'yan tsiraru a Kainji da Yankari da Senegal. To don Allah ina za ka samo garke mai ashirin a nan? Ni yanzu ba na rubuta harafi sai na buɗe taswira na ga ina ruwa yake da rani, wane nama ke akwai, kuma ina ruga mafi kusa.

Na biyu, cewa farauta ce ta haɗa su. Ku daina maimaita wannan kamar karatun allo! Tun 1966 ake bin zakunan Serengeti, daga mai bincike George Schaller zuwa Craig Packer da ya biyo bayansa, kuma abin da aka gani shi ne zakanya ɗaya tana iya ciyar da kanta. In ƙaramin nama ne, sau tari ɗaya ke bi, sauran na kwance suna kallo. Babban nama irin ɓauna ne ya fi sa a haɗa ƙarfi. Ƙasa ce ke tara su. Mahaɗar koguna, inda ruwa da inuwa da nama suke, garke mai yawa ne ke riƙe ta. An taɓa kunna musu rurin baƙin zakuna ta lasifika: in sun fi baƙin yawa su tunkara, in ba su kai ba su yi jinkiri. Lissafi suke yi.

Namiji kuma ba sarkin dindindin ba ne. Garken na mata ne, uwa da 'ya da 'yar'uwa, maza kan yi kamar shekara biyu a kore su.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu cewa kashe namiji ɗaya ba komai. Sababbin maza in sun karɓi garke, 'ya'yan da suka tarar suke fara kashewa. Harsashi ɗaya, gawa da yawa. Shi ya sa masana suka ba da shawarar kada a harbi wanda bai kai shekara 6 ba.

Kada ku manta da karen gida: a 1994 cutar karnuka ta kashe zakunan Serengeti kusan 1,000. Haka gubar da ake zuba wa mushen saniya don ramuwa. Zakuna tare suke ci, don haka tare suke mutuwa, har da ungulu da kurayen da suka zo bayansu.