Yadda Ake Kwatanta Wasannin Bidiyo Na Aljanu Da Dodanni

A shagunan gem na Yelwa da Wunti a Bauchi wasan ƙwallo ne ya fi cin kasuwa, amma wanda ya mallaki PlayStation 4 a gida yakan so ya gwada wasannin da ake gwabzawa da aljanu, fatalwa da dodanni. Tun da kuɗin faifai ko na datar sauke wasa ɗaya ba ƙarami ba ne, ya kamata ka san yadda za ka auna wasanni biyu kafin ka zaɓa, ko da a gidan aboki za ka yi gwajin.

Ka fara da yanayin wasan, wato abin da jikinka ke ji tun kafin wani dodo ya fito. Ka jira dare ya yi, ka sa iyafis, ka yi ta yawo a ciki na minti ashirin ba tare da ka nemi faɗa ba. A Bloodborne, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2015, mutanen birnin Yharnam sun kulle kansu a gidaje, sai dai ka ji tari ko dariya daga bayan ƙofa. A Control na kamfanin Remedy na Finlan, wanda ya fito a 2019, babu kabari babu kurmi. Ofishin gwamnati ne a birnin New York, amma bangayensa suna sauya wuri, ma'aikatansa kuma suna rataye a iska suna ta gunaguni. Daga nan ka kashe sautin ka ci gaba. Idan fargabar ta gushe nan take, ka gane cewa kiɗa ne kawai ke riƙe da wasan.

Gwajin labari ya fi sauƙi. Bayan ka yi awa uku, ka ajiye wasan ka ba wa ƙaninka labarin da baki kamar tatsuniya. God of War na 2018 zai zo maka a jere, domin tafiya ce ta uba da ɗa, Kratos da Atreus, zuwa ƙololuwar dutse don watsa tokar mahaifiyar yaron. Bloodborne kuwa zai sa ka yi ta kame-kame, saboda an warwatsa labarinsa cikin bayanan kayayyakin da kake tsinta. Wannan ba aibi ba ne, sai dai wanda Turancinsa bai nuna ba zai yi asarar fiye da rabinsa.

Inda na fi so ka daɗe shi ne yadda wasan ke tafiya a hannu, domin a nan ne ake gane gwani. Duk lokacin da aka kashe ka, ka tambayi kanka ko laifinka ne ko kuwa madannai ne suka yi jinkirin amsawa. Sannan ka lura da halin da wasan ke cusa maka. A Bloodborne, idan dodo ya raunata ka, kana iya maido da wani ɓangare na lafiyarka muddin ka rama dukan cikin gaggawa, don haka wasan yana tura ka gaba a daidai lokacin da zuciyarka ke cewa ka gudu, kuma wannan ya dace da labarin jarumin wasan, mafaraucin da jini ke neman haukata shi. Devil May Cry 5 na kamfanin Capcom ba ruwansa da tsoratarwa, maki yake ba ka daga D zuwa SSS gwargwadon yadda ka sassauya salon duka, aljanun kuma abin nuna bajinta ne kawai. Kuskure ne ka rage masa daraja don bai firgita ka ba, tun da bai yi maka alkawarin haka ba. A ganina Ghostwire: Tokyo na 2022 ya nuna akasin Bloodborne: unguwar Shibuya da hazo ya kwashe mutanenta, ya bar tufafinsu a kan titi, tana da ban sha'awa ƙwarai, amma faɗan yakan koma maimaici. Shi kuma ba ya aiki a PlayStation 4, sai PlayStation 5 ko kwamfuta ko Xbox na zamani.

Ka kuma yi lissafin wutar lantarki. Bloodborne ba shi da maɓallin dakatarwa, ba a kuma sassauta wahalarsa, saboda haka idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar faɗa da babban dodo, daga farko za ka sake shi. God of War yana ba ka damar zaɓar mataki mai sauƙi, kuma yana yawan adana inda ka tsaya.