Yadda ake tsare akawun ɗin admin a wurin aiki

Akawun ɗin admin, wato na mai kula da kwamfutocin wurin aiki, shi ne mukullin da ke buɗe kowace ƙofa a ma'aikata, duk wanda ya riƙe shi zai iya buɗe sabon akawun, ya goge bayanai, ya kashe manhajar tsaro, kai har ya share sawunsa bayan ya gama ɓarna. Shi ya sa masu kutse shi suke farauta.

Da farko dai ku zauna ku ƙirga akawun ɗin admin da kuke da su. Duka fa, har da wanda aka buɗe wa ɗan kwangila shekara uku da suka wuce aka manta, da na manhajojin da ke aiki da kansu cikin dare. Nan ne ake sakaci wallahi. A 2021 an kutsa kamfanin Colonial Pipeline na Amurka ta wani tsohon akawun ɗin VPN, wato hanyar shiga kwamfutocin kamfani daga nesa, da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, fasuwad ɗaya tal ke tsaronsa, ƙarshenta sai da suka tsayar da bututun mai na kwanaki suka kuma biya wajen dala miliyan 4.4 kuɗin fansa.

Bayan ƙirga sai ragewa. Mai haɗa albashi me zai yi da ikon saka manhaja a saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ma'aikata? A ba kowa iya abin da aikinsa ke buƙata, in oga ne ma haka, a yi masa bayani cikin ladabi.

Shi kansa admin ɗin ya riƙe akawun biyu, ɗaya na imel da lilo a intanet, ɗaya na aikin gyara kawai, in ya gama ya fita. Don in ya danna mugun link yana kan babban akawun, to ɓarawon ya gaji ikonsa kaf.

Sai tabbaci na biyu, wato saƙon da ake turo wa mutum a waya ya amince bayan ya saka fasuwad, a kan kowane akawun mai iko, kuma dan Allah a ja kunnen ma'aikata kar su amince da saƙon shiga da ba su suka nema ba. A 2022 haka aka yi wa kamfanin sufuri na Uber, aka dinga turo wa wani mai yi musu aiki saƙon har ya gaji ya danna, mai kutsen na shiga ya tarar da fasuwad ɗin admin a rubuce cikin wani fayil. Fasuwad irin wannan wurinsa manhajar ajiyar sirri, a dinga canza shi.

Ranar da ma'aikaci ya bar aiki a rufe akawun ɗinsa ranar, ba sai sati mai zuwa ba. A kuma ɗora wa mutum ɗaya duba rikodin shiga da fita kullum, in ya ga admin ya shiga ƙarfe uku na dare ya ɗaga waya ya tambaye shi.