Kurakuran da aka fi yi wajen tantance tsofaffin zanen furanni da kayan teburi na Holan

A ƙarni na 17 masu zane na ƙasar Holan sun yi fice wajen zana abubuwan da ba sa motsi da fentin mai, kamar furanni a cikin tulu, da kofin gilashi, da lemon tsami da aka fere rabinsa ɓawon yana reto a bakin teburi. Duk wanda irin wannan zane ya shigo hannunsa, tambayoyi biyu ne a gabansa: wa ya zana shi, kuma me ya rage daga ainihin aikin? Yawancin kurakurai suna faruwa ne domin ana gaggawar amsa ta farko tun ba a duba ta biyu ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogara ga sa hannu. Dillalan baya sun sha ƙara sunan wanda ya fi tsada a kan aikin wani, kamar yadda aka gano a 1893 cewa wani zane da ake sayarwa da sunan Frans Hals aikin Judith Leyster ne, ga tambarinta nan a ƙarƙashin na jabu. Ko sa hannun na gaskiya ne, ba lallai ya raba gardama ba, domin sana'ar gado ce. Ambrosius Bosschaert, wanda ya rasu a 1621, ya bar 'ya'ya uku masu zanen furanni, Jan Davidsz de Heem kuma ya koyar da ɗansa Cornelis. Maganin wannan shi ne a duba haruffan da gilashin ƙara girma, domin sa hannun asali yakan tsattsage tare da fentin da ke ƙarƙashinsa, wanda aka ƙara daga baya kuwa yakan bi ta kan tsagar ya cike ta.

Haka nan a lura da lafazin gidajen gwanjo. Idan suka ce ana jingina zanen ga wane, ko daga ɗakin aikinsa ya fito, ko kuma an bi salonsa ne kawai, kowace magana da matsayinta, kuma ta ƙarshen tana iya nufin aikin da aka yi bayan shekara ɗari biyu.

Inda na fi ganin ana zaluntar masu zanen shi ne wajen launi. Mutum zai ga ganye shuɗi a cikin furanni ya ce mai zanen bai ƙware ba, ko ya ce ba aikin gwanin ba ne, alhali ganyen kore ne a ranar da aka gama shi. Suna haɗa kore ne da shuɗi da wata rawaya da ake samu daga tsirrai, haske ya cinye rawayar ya bar shuɗin shi kaɗai. A gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam akwai zanen Abraham Mignon na furanni da agogo, inda wata fure rawaya take a shafe babu inuwa babu lanƙwasa a tsakiyar 'yan uwanta da suke kamar a miƙa hannu a tsinka. Bincike ya nuna cewa fentinta mai sinadarin arsenik ne ya lalace, kuma Mignon ya zana ta da kulawa kamar sauran. Saboda haka ba a auna gwanintar hannu sai a wuraren da fentin bai sauya ba.

Duhun zane ma yana ruɗar mutane, har wasu su ɗauke shi shaidar tsufa. Sau da yawa tsohon banish, wato man ƙyalli da ake shafawa a kan zane don kare fenti, shi ne ya yi ɗorawa, ko kuma an liƙa sabon ƙyalle a bayan na asali da kakin zuma da ƙaro ta hanyar guga mai zafi, abin da ke danne tudun fenti ya dushe launi. Kada mai shi ya ce zai goge da kansa, domin siraran shafe-shafen da ke ba inabi da gilashi ƙyalli su ne ke fara tafiya, kuma ba sa dawowa. A kai wa ƙwararren mai gyara ya haska da fitilar ultrabayolet, wadda ke nuna facin da aka yi daga baya kamar tabo mai duhu.

Kuskure na ƙarshe shi ne a ɗora wa gwajin kimiyya abin da bai faɗa ba. Ƙirga zobban shekarun itace da ke jikin allon katakon da aka yi zanen a kai yana nuna lokacin da ba zai yiwu a ce an sare itacen kafinsa ba, amma ba ya faɗin wanda ya riƙe buroshi. Wannan sai an kwatanta da ayyukan da aka tabbatar, kamar waɗanda cibiyar nazarin tarihin zane-zane ta RKD da ke birnin Hague ta tattara hotunansu. Haka nan gwajin fenti: launin da ake kira shuɗin Farusiya bai samu ba sai farkon ƙarni na 18, don haka idan aka same shi a ainihin fentin zanen da aka ce na Willem Kalf ne, wanda ya rasu a 1693, maganar ta rushe. Idan kuwa a cikin facin mai gyara aka same shi, shekarun facin kawai ya nuna.