Yadda za ka kalli zawarcin ƙudan mangwaro da idonka

Ƙananan ƙudajen nan masu jan ido da ke rufe teburin mangwaro da ayaba a kasuwar Dole ta Damagaram, wanda masana suka fi ɗaukowa cikinsu shi ne Drosophila melanogaster, tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Ka samu kwalba mai faɗin baki ka dama ayaba da ta nuna lugub da ɗan yis na masu burodi, ka bar ta buɗe kwana ɗaya, su za su kawo kansu, sai ka toshe da auduga.

Zafin Damagaram ne matsalar, in ya haura digiri 30 mazan ba sa haihuwa, ni a watan Afrilu na fara kuma duk suka mutu mini. Ka bari sai lokacin ɗari, ko ka aje kwalbar gindin randa. Wajen kwana 10 sabbi za su fito.

Da safe ka kore manyan duka, waɗanda suka ƙyanƙyashe cikin awa 6 ba su san namiji ba. Sa su a firigo minti kaɗan su suma, ka ware: namiji ƙarami ne baƙin gindi, mace ta fi girma. Bayan kwana 4 ka haɗa su bibbiyu, ka ja kamarar wayarka kusa.

Namiji zai bi ta yana karkaɗa fiffike guda, waƙa ce yake mata, tana ji da 'yan ƙahonnin nan biyu na gaban kanta. Budurwa sai ta rage gudu ta tsaya, haɗuwar ta kai kamar minti 20. To washegari kawo mata wani namijin ka sha kallo, shuri da gudu, har ta turo bututun ƙwai waje ta tare shi.

Ba wai ra'ayi ta canza ba fa. A maniyyin na farkon akwai wani sinadari, sex peptide, a 2008 ɗakin binciken wani masani Barry Dickson a Biyana ta ƙasar Ostiriya ya gano makamarsa, wato abin da ke karɓar sa a jikin mace. Sinadarin yana kashe muryar jijiyoyin mahaifa, su kuma su daina tada wasu jijiyoyi da ake kira SAG da ke kai saƙo sama ga pC1, jijiyoyin ƙwaƙwalwa masu sa ta yarda da namiji, shirun nan shi ke gaya mata an gama, ta koma neman inda za ta zuba ƙwai. Sinadarin a wutsiyar maniyyi yake liƙe yana sakuwa kaɗan kaɗan, shi ya sa ƙin ke kai mako guda, don haka kar ka zubar da ita, sake gwada ta bayan kwana 10.