Yadda za ka sa tayar keken tsere ta daɗe a zafin Jidda

Shekarata tara ke nan ina hawan keken tsere a Jidda. Bayan sallar asuba nakan kama hanyar Kornish in miƙe arewa har wajen Abhur, in juyo kafin rana ta yi ƙarfi, ranar Juma'a kuma mu fita da 'yan'uwa ta hanyar Usfan. Tayoyin da na cire na yar a tsawon wannan lokaci suna da yawa, kuma da dama daga cikinsu bayansu da ke taka kwalta yana nan da sauran ƙwari. Ta gefe suka mutu.

Na gane haka ne a shekarata ta biyu. Na je gida ganin mahaifiyata na yi wata biyu a tsakiyar zafi, na bar keken a saman bene na jingine shi da tankin ruwa. Da na dawo na buga iska na fita, ban yi kilomita goma ba tayar gaba ta fashe da ƙara kamar bindiga, Allah ya kiyaye ban da gudu sosai a lokacin. Na kai keken wurin wani dattijo Bahaushe mai gyaran kekuna a Hindawiyya, na ce, "Baba, sabuwa ce fa, ko kilomita dubu ba ta yi ba." Ya matsa gefen tayar da babban yatsansa, sai ga ƙananan tsagu sun buɗe jere kamar faso a diddige. Ya ce, "Ɗana, a ina keken nan yake kwana?" Daga nan na fara kula.

To abu na farko shi ne wurin ajiya. Hasken rana yana busar da roba, ya sa ta yi tauri ta tsattsage, kuma gefen tayar keken tsere siriri ne ƙwarai, robar da ke rufe zaren ba ta da wani kauri. Shigar da kekenka cikin ɗaki. In babu wuri sai baranda ko ƙarƙashin matakala, lulluɓe shi da zane mai kauri. Kada ka jingine shi kusa da dinamon ruwa ko wani injin lantarki da ke aiki kullum, domin irin waɗannan injina suna iya fitar da iskar ozon, ita ma tana cin roba a hankali. Kada ka goge taya da fetur ko dizal don ta yi sheƙi. Ruwa da ɗan sabulu sun isa.

Mota a rufe ita ma tarko ce. Iska tana ƙaruwa da zafi: tayar da ka buga wa psi 100 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne) a ɗaki mai sanyin digiri 25, in ta kwana a cikin motar da aka ajiye a rana har cikinta ya kai digiri 60, iskar za ta haura psi 110. Lafiyayyiyar taya takan jure, amma wadda gefenta ya riga ya raunana nan take rabuwa. In dole ne ka bar keke a mota da rana, sassauta bawul ka rage iskar tukuna.

Sai maganar iska ita kanta, wadda a ganina nan ne yawancinmu muke cutar da tayoyinmu. Lambar da aka rubuta a gefen taya iyaka ce, ba a ce sai ka kai can ba. Nauyina kilo 78. A taya mai kaurin milimita 25 ina sa wa ta baya psi 90, ta gaba 85. Da na koma milimita 28 sai na sauko zuwa 75 da 70. Wanda ya fi ni nauyi ya ƙara kaɗan, wanda bai kai ni ba ya rage. In famfonka da bar yake ƙirga, bar ɗaya kusan psi 14.5 ne.

In iska ta yi kaɗan, gefen tayar yana lanƙwashewa a kowane juyi, zaren ciki ya gaji, kuma da ka faɗa rami ko ka hau tudun rage gudu da ƙarfi, gare zai matse tiyub ya yi masa huda biyu gefe da gefe. Masu keke na kiran wannan saran maciji. In ka ga huda biyu irin haka, kada ka ɓata lokaci kana neman ƙaya, iska ce ta gaza. In kuma iskar ta yi yawa, tsakiyar tayar kaɗai ke cin kwalta, keke yana tsalle a kan tsakuwa, robar da ta ɗame kamar ganga kuwa gilashi ya fi saurin yanka ta. Tiyub yana sakin iska da kansa ko babu huda, don haka ni ba na wuce kwana biyu ban auna ba. Sayi famfon tsaye mai agogo. Yatsa ba ya iya bambance psi 60 da 85, kuma injin iskar banshar, wato masu facin motoci, an yi shi ne don bawul ɗin mota, namu siriri ne irin Presta, ga shi injin yana turo iska da yawa lokaci guda.

Wajen saye, karanta gefen tayar. 700x28C ko 28-622 duk abu ɗaya suke nufi: 622 girman garen ne a milimita, 28 kuma kaurin tayar. Kafin ka ƙara kauri, duba ko akwai sarari tsakanin taya da jikin keken da birki, domin tsofaffin kekuna da yawa ba sa ɗaukar abin da ya wuce 25. Akwai kuma lambar TPI a jikin kwali, yawan zaren da ke cikin inci ɗaya na saƙar da ke ƙarƙashin roba. Mai 60 zarenta yana da kauri, tana da nauyi, tana jure wahala. Irin su Vittoria Corsa masu zaren auduga 320 suna da laushi da daɗin hawa, an yi su ne don ranar gasa. Ni a hawan yau da kullum na fi son taya mai ƙarin shimfiɗar kariya a ciki. Continental Gatorskin takan yi min kusan kilomita 6,000 a baya, Grand Prix 5000 kuma wajen 4,000, sai dai ta fi gudu da riƙe ƙasa a kwana. Wannan lissafin kekena ne da nauyina da hanyoyin da nake bi, naka zai iya bambanta. Abin da nake ba sabon shiga shawara shi ne ya fara da mai juriya, domin faci a hanyar Usfan ƙarfe tara na safe a watan Yuli ba ƙaramar wahala ba ce, ruwan gorarka ma ya riga ya zama shayi.

Yanzu ga aikin da ya fi kowanne amfani, kuma minti biyu ne. Duk lokacin da ka dawo, ɗaga ƙafar keken ka juya ta a hankali, ka bi ta da tsumma mai ɗan danshi kana dubawa. Yawancin faci ba nan take yake faruwa ba. Ɗan gilashi ne ko tsakuwa mai kaifi ke maƙalewa a roba, kullum yana ƙara nutsewa, sai bayan kwana uku ya taɓa tiyub. A hanyoyin bayan gari abin da ya fi damunmu shi ne siraran wayoyin ƙarfe da ke fita daga fasassun tayoyin tirela. Sirara ne ƙwarai, ido ba ya saurin ganinsu, sai ka shafa cikin tayar da auduga ka ji ta maƙale. In ka sauka gefen titi kan ƙasa, ƙayar tsidau na nan, saboda haka ɗauki keken a kafaɗa ko ka duba taya kafin ka hau. Duk abin da ka gani ka zaƙulo shi da tsinke ko allura. Ruwan sama da muke samu daga Nuwamba zuwa Janairu yana kwaso tarkace ya tara a gefen titi, daidai inda muke bi, kuma jiƙaƙƙiyar roba ta fi saurin yankuwa, don haka kwanakin da suka biyo bayan ruwa sai a ninka kula.

Wata dabara da Baba ya koya min: in za ka ɗaura taya, daidaita tambarin kamfanin da bawul. Ranar da ka yi faci, da ka ga inda tiyub ya huje ka san daidai inda za ka duba a jikin tayar. Duba kibiyar da ke nuna inda za ta riƙa juyawa in akwai. In kekenka mai birkin gare ne, tabbata robar birkin ba ta taɓa gefen taya, domin ko kaɗan take gogawa, cikin mako biyu za ta ci har zare. Kuma ka daina danne birkin baya har taya ta tsaya cak tana jan ƙasa. Ja ɗaya mai tsawo a kan kwalta mai zafi yana iya shafe wuri guda ya bar tabo da za ka riƙa jin bugunsa a kowane juyi.

Yaya za ka san taya ta ƙare? Wasu kamfanoni sun sauƙaƙa. A tayoyin Continental akwai ƙananan ramuka biyu a bayan tayar, da haruffan TWI a gefe suna nuna inda suke. Ranar da ramukan suka shafe, robar ta ƙare. In taka ba ta da su, tsaya a bayan keken ka kalli siffarta. Sabuwa tana da doro zagaye, tsohuwa tsakiyarta ta baje ta yi kafaɗu biyu, har za ka ji keken yana gardama in za ka kwanta a kwana. In faci ya fara zuwa a kai a kai bayan watanni ba ka yi ba, ita ma alama ce. Abubuwa uku kuwa ba a jira da su ko kwana ɗaya: zare ya bayyana, ko wani wuri ya kumbura kamar ƙurji, ko yanka ya buɗe har kana hango tiyub.

Ta baya ce ke fara ƙarewa, domin ita ke ɗauke da mafi yawan nauyinka kuma ita ke tura keken. Nan ne mutane ke yin kuskuren da ya fi ba ni tsoro: su mayar da tsohuwar ta baya gaba don wai su cinye ta duka. Kada ka yi haka. In ta baya ta fashe, sau da yawa kana iya riƙe keken har ka tsaya. In ta gaba ce, kan keken ne ya kuɓuce maka, kuma na ga wani ɗan'uwanmu ya karya ƙashin kafaɗa ta haka. Abin yi shi ne ka yar da ta baya, ka mayar da ta gaba baya, sabuwar ta hau gaba. In kana da na'urar hawa a ɗaki irin wadda taya ke gogar nadi, wadda da yawanmu ke komawa kanta daga Yuni zuwa Satumba, ajiye tsohuwar tayar don ita, domin nadin yana cin roba fiye da titi.

Masu taya marar tiyub, ruwan toshe huda da kuke zubawa a ciki yana saurin bushewa a zafinmu. Ni duk wata biyu nake dubawa in rani ya shigo: in girgiza ƙafar keken kusa da kunne, in ban ji motsin ruwa ba in ƙara. In garenka irin sabon nan ne marar ƙugiya a baki, kada ka wuce bar 5, wato psi 72.5, kuma ka tabbata tayar an yi ta don irinsa.

In yanka ya same ka a hanya, sabon tiyub kaɗai ba zai kai ka gida ba, zai leƙo ta wurin yankan ya sake fashewa. Ina ajiye takardar riyal biyar ta leda, wadda aka fitar a 2020, a jakar ƙarƙashin sirdi saboda wannan. Naɗe ta biyu ko uku, ka shimfiɗa ta a cikin taya daidai yankan, tsakanin taya da tiyub, ka buga iska ƙasa da yadda ka saba, ka tafi a hankali. Sau biyu ta dawo da ni gida daga bayan Abhur. In ka isa, cire tayar a ranar, ka ɗaura wadda ka ajiye. Tawa ta ajiya tana cikin baƙar leda a ƙasan durowar kaya, kuma nakan rubuta ranar da na ɗaura kowace taya da lambar kilomita a waya, domin in san lokacin da zan fara sa mata ido.