Yadda Za Ka Nemi Maganin Ciwon Mahaɗar Muƙamuƙi a Damagaram

Sa yatsa a gaban kunnenka, ka buɗe baki ka rufe. Abin nan da ka ji yana motsi shi ne mahaɗar muƙamuƙi, inda ƙashin haɓa ya haɗu da ƙoƙon kai. Biyu ne, dama da hagu, kuma tsakanin ƙasusuwan akwai ɗan faifan guringuntsi da ke hana su gugar juna. In wurin ya samu matsala, ciwon ba ya zama wuri guda: wani kunne zai riƙe, wani gefen kai, wani haƙori. Shi ya sa ake yawan yin maganin abin da ba shi ke damun mutum ba. Wata gwaggona a Birni sai da aka cire mata lafiyayyen haƙori, amma ciwo na nan daram. Ashe gurza haƙora take yi cikin barci.

Mataki na farko: ka tabbata ba na gaggawa ba ne

Akwai lokutan da ba a zama gida. In muƙamuƙi ya sandare bayan ka taka ƙusa ko ka ji wani rauni, har wuya da baya sun fara ƙagewa, ana tsoron tetanos ne, cutar sarƙe-haƙora. In kumatu ya kumbura da zazzaɓi, haɗiya tana wuya, wataƙila ruɓar haƙori ce ta tara mugunya. In an faɗi daga kabu-kabu kuma haƙoran sama da na ƙasa sun daina haɗuwa yadda suka saba, a yi zaton karaya. In an yi hamma baki ya ƙi rufuwa, gocewa ce. Ma'aikacin lafiya zai mayar da ita, kada a bar maƙwabta su yi ta dannawa. Ciwon muƙamuƙi mai haɗe da nauyin ƙirji, zufa da haki kuwa yana iya zama na zuciya. Duk waɗannan, a miƙe sai Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, ko da tsakar dare ne.

Yara suna da nasu. Yaron da ya faɗi kan haɓarsa, bayan watanni aka lura bakinsa na ƙara ƙin buɗuwa, mai yiwuwa ƙashin mahaɗar ne ke mannewa. Shi kuma ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa, in dasashinsa na jini, baki na wari, kumatu ya kumbura, a tuna da cutar noma, wadda ke cin fuska cikin kwanaki kuma takan bar baki a ƙulle. Ƙungiyar Sentinelles tana da cibiyar kula da masu ita a nan Zinder.

Mataki na biyu: gwada kanka

Jera yatsunka uku, manuni da na tsakiya da na zobe, ka sa su a tsaye tsakanin haƙoran gaba. In sun shiga ba ciwo, buɗuwar bakinka ta kai yadda ake so, wajen milimita 40. Sannan ka lura: da asuba ciwon ya fi, ko bayan cin abinci? Na asuba yakan nuna cije haƙora cikin barci, sai ka tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Ƙarar "ƙas" kaɗai, ba ciwo ba maƙalewa, ba ta bukatar magani. Mutane da yawa na da ita. Matsalar ta fi kama mata, musamman tsakanin shekara 20 da 40.

Mataki na uku: hutar da baki mako biyu zuwa uku

Nan ne yawancin mutane ke samun sauƙi, nan ne kuma aka fi rainawa, don ba allura ba ƙwaya mai tsada. Ka ajiye kilishi, goro, rake, aya, goruba, busasshen dabino da cingam. Na san raba dattijon Damagaram da goro ba ƙaramin yaƙi ba ne. In ya zama dole, a goge masa a magogi. A koma kunu, fura, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, nama kuma a dafa shi luguf a yanka ƙanana. Ka riƙa tauna ta ɓangare biyu.

Ka jiƙa tsumma a ruwan ɗumi, ka gasa gefen fuska minti 15, sau biyu ko uku a rana, sannan ka murza naman kumatu a hankali. In hamma ta zo, tallabe haɓa da hannu. A bar yin tagumi, da maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, da buɗe kwalba da haƙori. Ga abin da ba kowa ya sani ba: in ba ci kake ba, bai kamata haƙoran sama da na ƙasa su taɓa juna ba. Leɓe a rufe, haƙora a ware, harshe a ganɗa. Mai ɗinki ko mai tuƙi ya duba kansa da rana, zai kama kansa a cije, balle in akwai damuwa a rai.

Farasetamol na rage zafin. Ibuprofen ma, na 'yan kwanaki kuma bayan an ci abinci, sai dai mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su tambayi likita tukuna. Tramol ɗin masu talla a kai a bar musu kayansu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi wa wannan ciwon komai, haka ƙaho da tsagar wanzami ba sa kaiwa ga faifan da ke ciki.

Mataki na huɗu: wurin wa za ka je

In mako uku ya wuce ba canji, ko baki na maƙalewa, fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ka nemi a tura ka wurin likitan haƙori. In an ga alamun kunne ne, sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Tafi da kwalayen magungunan da ka sha. Likitan da ya san aikinsa ba haƙora kaɗai zai leƙa ba. Na ga yadda aka duba gwaggona daga baya: likitan ya ɗora yatsu gaban kunnuwanta, ya ce, "Hajiya, buɗe a hankali, rufe." Ya latsa kumatu da gefen kai har ta zabura, ya auna buɗuwar bakin, sannan ya nuna mata yadda kan haƙoranta ya siɗe.

Hoton radiyo, wato hoton ƙashi na asibiti, ƙashi da haƙora yake nunawa. Faifan sai IRM, wani hoton na'ura mai nuna har nama da guringuntsi, kuma mafi yawan masu ciwon ba sa bukatarsa. Ga mai gurza haƙora akan auna bakinsa a yi masa wata roba da zai riƙa sawa da dare. Akan kuma tura mutum wurin kine, wato ma'aikacin lafiya mai gashi da motsa gaɓoɓi, a koya masa motsa muƙamuƙi.

Mataki na biyar: abin da ba ya gyaruwa, a bar shi ƙarshe

Cire haƙori, goge kan haƙora don wai su daidaita, ko tiyata, in an yi an yi ke nan. Allura a cikin mahaɗar ko wanke ta, da aikin fiɗa, na 'yan kaɗan ne da suka yi watanni suna bin matakan baya ba sauƙi, ko waɗanda ƙashinsu ya manne. Kafin ka yarda, ka tambaya da ladabi: "Likita, me hoton ya nuna? In na jira wata uku, me zai faru? Akwai abin da ba mu gwada ba?" In maganar ta kai ga fiɗa, nemi ra'ayin likitan tiyatar fuska da muƙamuƙi na biyu, ko a Yamai ko a Kano. Ka karɓi takardar turawa da hotunanka ka tafi da su, don kada a sa ka sake biyan kuɗin wani hoton a can.